Abin da Ke Tsakanin Waƙoƙin Matata

Aikina a lokacin shi ne juyar da kaset zuwa faifan sidi. Shekaru kaɗan ke nan da shiga shekara ta dubu biyu, mutanen Zuru sun fara sayen na'urar kunna faifai, kowa kuma yana da tsofaffin kaset a akwati da yake tsoron kada su lalace. A lungun shagon wani ɗan kasuwa Ibo nake zama, kusa da tasha, inda yake sayar da rediyo da fanka da wayar wuta. Shi ya sayi kwamfutar, ni na iya ta, don na yi ɗan kwas a Kaduna kafin mahaifina ya bar aikin soja mu dawo gida. Mutumin kirki ne, ya daɗe a garin, Oga nake ce masa kamar kowa.

Aikin ba wuya, haƙuri kawai yake so. Za ka jona rakoda da kwamfuta, ka bar kaset ya juya daga farko har ƙarshe, kwamfuta tana ɗauka. In ya gama, sai ta shimfiɗa maka dukan sautin a allo, dogon zane ɗaya shuɗi. Inda murya ta tashi zanen ya yi kauri, inda aka yi shiru ya sirance kamar zare. In ka zuba shi haka a faifai, mai shi ba zai iya tsallakawa daga wannan waƙa zuwa waccan ba. Don haka sai ka bi zanen kana saurare, ka kafa alama inda waƙa ta fara, ka kafa wata inda ta ƙare, ka rubuta sunanta a ɗan gurbin da ke ƙasa. Abin da ya rage a tsakani, tari ne ko jan kujera ko ƙarar maɓalli, shi ake yankewa a zubar. Na juya wa mutane kaset na wa'azi, na bikin aure, na kiɗan gargajiya, har hannuna ya saba.

Matata 'yar Dabai ce, malamar firamare, ita ke ba da waƙa a cikin matan cocinmu, su suna amshi. Yawancin waƙoƙin ita ta shirya su da yarenmu, C'lela, wanda Hausawa ke kira Dakarci. Takan ɗauki muryar tsohuwar waƙar da ta koya wurin mahaifiyarta, ta niƙa ko ta noma, ta ɗora mata kalmomin ibada. Ni a barikin soja na girma, Hausa na tashi da ita, Dakarcina bai wuce na gaisuwa da sayen abu a kasuwa ba. Tana yi mini dariya a kan wannan, tana cewa ta auri baƙo a garinsu.

Tana da ƙaramar rakoda mai batir. In ta dawo daga makaranta ta sauke tukunya, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ta ajiye rakodar a gabanta, ta yi ta rerawa, ɗiyarmu tana rarrafe a gefenta. Don matan su koya take ɗauka. Na taɓa ce mata ta kawo in zuba mata a faifai, ta ce a'a, wannan gwaji ne kawai, sai matan sun iya duka, a taru a coci da tulu da gora na kiɗa a ɗauka yadda ya kamata.

Ba a yi wannan taron ba. Da damina aka gayyace ta Wasagu ta koya wa matan can waƙa. Motar ta tsaya a hanya, ta hau kabu-kabu don ta ƙarasa, babur ɗin ya zame a laka wurin wata kwana, mota mai ɗauke da buhuna da ke biye da su ta buge su. Ina shago aka zo aka kira ni. Kafin in isa asibiti ta riga ta cika.

Ɗiyarmu ba ta daɗe da yaye ba. Bayan zaman makoki manya suka zauna, suka ga ni kaɗai ne a gida, kuma yini nake a shago, suka ce surukata ta tafi da ita Dabai ta riƙe ta. Ban musa ba, don gaskiya suka faɗa. Ina zuwa in na samu dama, in kai sabulu da ɗan takalmi, in zauna a zaure in dawo. Kaset-kaset ɗin kuwa na ɗaure su a leda na ɗora a kan durowa, ban ƙara duban wajen ba.

Da shekara ta kusa zagayowa, shugabar matan cocinmu ta zo shago. Dattijuwa ce, matar wani tsohon soja, mai magana a hankali. Ta ce za a yi addu'ar tunawa, kuma matan suna roƙo in haɗa musu waƙoƙin a faifai, don wasu sun fara shige musu. Ta ce in ba zan iya ba, kada in tilasta wa kaina, za su kai Kontagora a yi musu. Na ce zan yi. Ban so wani baƙo ya zauna yana jin muryarta yana shan rake ba.

Washegari na kawo ledar. Na jona rakoda, amma kafin in danna na murɗe lasifika gaba ɗaya. Na zauna ina kallon zanen yana tsawo a allo, babu sauti. Na gaya wa kaina ai na ƙware, da ido ma zan gane inda waƙa ta ƙare: duk inda zanen ya sirance, nan ne iyaka. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kafa alama, a gurbin suna ina sa lamba kawai. Oga ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ga lasifikar a kashe, ya koma wurin masu ciniki.

Da shugabar ta dawo na ba ta abin saƙalawa a kunne, na kunna mata, na juya fuskata waje. Ta daɗe tana ji, tana share ido da bakin gyalenta. Daga baya ta cire, ta ce mini a hankali ba haka ba ne. Shirun da nake gani a tsakiya ba ƙarshen waƙa ba ne, wurin amshi ne. Matata in ta ba da baiti sai ta yi shiru daidai tsawon abin da matan za su amsa, sannan ta ci gaba. Ni kuwa na bi na daddatsa waƙa ɗaya gida-gida. A wasu wuraren kuma ta fita daga wata waƙa ta shiga wata ba ko numfashi, na haɗe su wuri ɗaya. Ta ce ita ma waɗanda aka riga aka koya musu kaɗai ta sani. Sababbin, in ba mahaifiyar matata ba, babu wanda zai iya cewa ga farkonsu ga ƙarshensu.

Aka aika Dabai. Ranar kasuwa surukata ta zo, riƙe da hannun yarinyar.

Tsakanina da ita akwai kunya irin ta suruki da suruka. Tun da na auri ɗiyarta ba mu taɓa zama a benci ɗaya ba. Gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe, tana kallon gefe. Ƙaramar mace ce, hannuwanta duk kanta saboda fartanya, Hausarta ba ta da yawa kuma ba ta ɓarnarta. Oga ya ɗauko kujerarsa ta kansa ya ajiye mata kusa da tawa, ya je ya kashe kiɗan da yake sakawa a bakin shago don jan masu saye. Na miƙa wa yarinyar hannu, ta ɓuya a bayan zanen kakarta tana leƙena. Matar Oga ta lallashe ta da biskit ta tafi da ita bayan kantar sayar da kaya.

Na yi wa surukata bayanin abin da nake so: in waƙa ta ƙare ta yi mini alama, in wata ta fara ta gaya mini sunanta. Ta dubi allon, ta tambaye ni ko wannan zanen shi ne muryar. Na ce shi ne. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan na share duk alamun da na kafa a baya, na koma farkon zanen, na buɗe lasifika.

Abin da ya fara fitowa ba waƙa ba ce. Ƙarar maɓalli ce, sai kukan kaza, sai matata ta gyara murya ta ce, “To, bari mu gani.” Kamar tana bayana. Hannuna ya tafi da kansa ya tsayar.

Surukata ta dafa teburin da tafin hannunta. Ba ta dube ni ba.

“Ci gaba, ɗana,” in ji ta.

Ba ta taɓa kirana haka ba. Na ci gaba.

Sannu a hankali muka samu hanya. In waƙa ta zo ƙarshe sai ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa, ni kuma in kafa alama. Wani lokaci yatsan yakan riga ƙarshen da kaɗan, sai in ja alamar gaba, in maimaita mata wurin har ta gyaɗa kai. A wurin amshi leɓunanta suna motsi ba sauti. Sunaye ne suka ba mu wahala, don waƙoƙin ba su da suna. Ta ce su dai sun san wannan ta niƙa ce, wannan ta samarin da ke noma a gonar surukai ce, wannan ta rakiyar amarya ce. Na so in rubuta kalmomin farko na kowace waƙa, amma ban iya rubuta Dakarci ba, ita kuma ba ta karatu. Sai na riƙa rubuta abin da ta faɗa da Hausa. Ta niƙa. Ta shiga gona. Ta rarrashin yaro. Da aka samu ta niƙa ta biyu, na tambaye ta yaya za mu bambanta su, ta yi tunani ta ce in sa wadda kakar matata ke yi.

A wata waƙa ta ɗaga hannu ta ce in mayar baya. Ta sake ji, ta girgiza kai, ta ce nan ɗiyarta ta ɓata, wurin ba hawa ake yi ba, sauka ake yi, ta sha gaya mata ba ta ji. Yadda ta faɗe shi, da ɗan fushi, kamar gobe za ta same ta ta gyara mata, ya sa dariya ta kuɓuce mini. Ita ma ta murmusa. Daga nan na daɗe ban danna komai ba.

Waƙoƙin ma da sauƙi. Abin da ke tsakaninsu ne ya fi ƙarfina. Matata ba ta cika kashe rakoda in ta gama waƙa ba. Sai ka ji tana korar akuya daga wurin shanya. Ka ji tana ce wa yarinyar ta fito da abin da ta sa a baki. Ka ji ta yi tsaki ta ce ta manta baitin, bari ta sake. A wani wuri na ji ƙarar ƙofar gidanmu, wadda har yau take wannan kukan, na ji sallamar wani namiji, sai da ta ce, “Ga babanki ya dawo,” sannan na gane ni ne. Sai ƙarar maɓalli, zanen ya koma zare.

Na tashi na fita bayan shago inda ake tara kwalaye, na tsuguna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na dawo na tarar an ɗauke wuta, Oga yana ta jan igiyar janareta ba wanda ya roƙe shi. Surukata tana zaune yadda na bar ta, tana kallon baƙin allo. Ba ta tambaye ni inda na je ba.

Ba mu gama ranar ba. Ta kwana gidan wata 'yar'uwarta a cikin gari, da hantsi ta dawo.

A rana ta biyu muka zo wurin da yarinyar ta fashe da kuka a cikin kaset, matata tana rarrashinta da waƙa. Matar Oga, da kyakkyawar niyya, ta ɗauko yarinyar ta kawo ta gaban lasifika, ta tambaye ta ko ta san mai waƙar nan. Ni ma, ba zan ɓoye ba, abin da nake jira ke nan tun jiya. Na sa rai za ta waiwaya, ko ta miƙa hannu, ko ta kira ta. Yarinyar ta saurara, biskit a hannunta. Ta dubi lasifikar, ta leƙa bayanta. Sannan ta juya wurin kakarta ta yi magana da Dakarci, doguwar magana, tsaf, irin wadda ban san ta iya ba. Ban gane ko rabinta ba.

Na ce, “Mama, me ta ce?”

Surukata ta jawo ta ta ɗora a cinya, tana goge mata baki.

“Tana tambaya ɗan wane ne ke kuka, me ya sa ba a ba shi nono ba.”

Matar Oga ta koma bayan kanta a hankali. Ni kuma na mayar da idona kan allo, don ban san inda zan sa shi ba. Muka ci gaba da aiki, yarinyar ta yi barci a jikin kakarta, muryar uwarta tana tashi a kanta.

Da muka kai ƙarshen kaset na ƙarshe, kowace waƙa ta samu alamarta da sunanta, sai na fara abin da na saba. Na ja linzamin kwamfuta na zaɓi abin da ke tsakanin waƙa ta farko da ta biyu, wurin ya yi duhu, na danna, ya ɓace, zanen ya matso ya haɗe. Na yi na biyu. Surukata ta tambaye ni me nake yi. Na ce ina cire surutun ne don waƙoƙin su fita tsaf. Ta tambaya ina yake tafiya in na cire. Na ce babu inda yake tafiya, zubarwa ake yi.

Ta gyara wa yarinyar kwanciya.

“Waƙoƙin ka ba matan coci,” in ji ta. “Ni na san su tun ba a haife ta ba. Wancan da kake zubarwa, shi za ka haɗa mini.”

Na dawo da biyun da na cire, kwamfuta tana yarda da haka in ba ka rufe aikin ba. Bayan sun tafi na zauna na sake bin zanen tun daga farko, wannan karon ina kafa alama a wuraren da na saba yarwa. Su ma na ba su suna don kada su rikice mini. Akuya. Ta manta baiti. Ƙofa. Na jera su ɗaya bayan ɗaya, suka yi tsawon da ban zata ba. Ita ba ta da na'urar faifai, babu ma wuta a unguwarsu, rediyo mai cin kaset take da shi na marigayi mijinta. Don haka na juya aikin baya, na zuba su daga kwamfuta zuwa sabon kaset. Oga ne ya ɗauko shi daga kantar shagon ya miƙo mini.

Ranar addu'ar tunawa coci ya cika. Bayan wa'azi aka sa faifan a lasifikar coci, da niyyar a ji waƙa ɗaya a zaune. Matata ta ba da baitin farko, ta yi shirunta. Shirun ya yi tsawo a cikin wannan babban ɗaki. Da ta ba da na biyu, wata tsohuwa daga baya ta amsa. A na uku duk matan suka ɗauka, mai tulu ta jawo tulunta. Matata ta bar musu wuri daidai, ba su yi gaggawa ba, ba su kuma taka muryarta ba. Ni ina bencin maza, kaina a ƙasa har aka gama. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa na yi ƙoƙari. 

Da kaka na tafi Dabai, an fara cire gyaɗa. Na tarar da ƙofar gidan a buɗe, na yi sallama ba a ji ba, na shiga. Surukata tana zaune a inuwar rumbu ta ba ni baya, tana ɓarar gyaɗa a faranti, rediyon yana kan turmin da aka kifa. Yarinyar tana can gefe tana wasa da 'ya'yan maƙwabta.

A cikin kaset ɗin akwai wani wuri da aka ɗauka wata rana da surukata ta kawo mana ziyara Zuru. Matata tana tambayarta abubuwa da Dakarci, ita kuma tana nesa da rakodar, amsarta ba ta fito ba, sai tambayoyin kaɗai da shiru a bayansu. Wurin ne ke juyawa lokacin da na shigo. Matata ta yi tambaya a cikin kaset, surukata ta amsa mata daga inda take zaune, hannunta bai daina ɓara ba. Matata ta yi dariya ta sake wata tambayar, ta sake amsawa, har da ɗan faɗa.

Na tsaya a bakin zaure da ledar sabulu a hannu. Ɗiyata ce ta fara ganina. Ta bar wasan ta zo ta tsaya a gabana, ta dubi ledar, ta dube ni, sannan ta kama yatsana ta ja ni zuwa wurin kakarta. Surukata ta waiwayo, ta rage muryar rediyon kaɗan amma ba ta kashe ba. Ta tura mini kujera 'yar tsugune da ƙafa, ta ɗebi gyaɗa ta zuba a gabana. Na zauna na fara ɓara.